Makullin Motar Malam

Na ji abin da ake faɗa a tsakaninku game da motar mahaifinku, kuma ba yau na fara ji ba. Ana cewa yayanku ne ya lallaɓa ya karɓe ta tun Malam yana da rai, ya mai da tsoho ɗan rakiya a cikin abinsa. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma katangar gidan nan ba ta da kauri, matanku kuma ba su iya raɗa ba. Na daɗe ina shiru saboda ɗan fari ne. Mu yadda aka raine mu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, balle ta tsaya gaban ƙannensa tana kare shi. Ko a nan ba zan rubuta sunansa ba, yayanku zan riƙa cewa, kun san wanda nake nufi. Amma kunya ba ta kai in bar duniya in bar shi da laifin da bai yi ba. Da ni aka yi komai, don haka ku karanta a hankali.

Malam ya sayi motar ne a shekarar da tumatir ya yi mana albarka a gonarsa ta wajen Kadawa. 'Yar Kwatano ce, ruwan toka, ba sabuwa ba amma tana da kyan jiki. Ranar da ya shigo da ita unguwa, mata har da masu jego sun leƙo. Makulli ɗaya ta zo da shi, mai kauri, mai baƙin kai. Dillali ya ce ɗan'uwansa yana can ƙasar da ta fito, Malam ya ce Allah ya amfana wa wanda ya tsinta. Ya samo igiyar fata ya ɗaure shi, ya riƙa sa shi a aljihun ciki tare da carbinsa. Tun daga ranar ba wanda ya taɓa murza makullin nan sai shi. Kuma gaskiya ya iya tuƙi, don tun yana saurayi yake jan tarakta a filayen noman rani. Ba ya gudu, ba ya son a yi masa surutu in yana kan titi. Kwandon tumatir bai taɓa shiga motar nan ba, ya ce ba don shi aka yi ta ba. Amma suna, biki, gaisuwar mutuwa, asibiti, duk matar unguwa da ta rasa abin hawa Malam ne direbanta, ko sisi kuma ba ya karɓa. Ni kuwa gidan gaba nawa ne, in hakimce kamar matar gwamna, hannuna duk kanta saboda aikin shinkafa.

Ciwon idon a hankali ya shigo. Na fara lura yana ture buta da ƙafa, yana bugun kafaɗa da ƙyauren ɗaki. In mutum ya zo masa ta gefe sai ya yi sallama sannan ya juyo a firgice. Da ƙyar muka kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin gefe ya riga ya tafi kuma ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage da maganin ɗigawa. Ya kuma ce masa ya ajiye tuƙi. Malam ya yi godiya kamar abin kirki. Muna fitowa ya ce da ni likitan yaro ne, bai san cewa shi hanyar Kura ko ido rufe zai bi ta ba. Shi ya tuƙo mu har gida.

Kun san sana'ata. Mu sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, mu jiƙa, mu turara, mu fita da ita bakin titi mu shimfiɗa tamfol mu shanya kafin a kai inji. Wata rana da hantsi muna wajen shanya, ni da matan da muke aiki tare, ina tsugune a bakin tamfol ina tsince tsakuwa. Na miƙe ke nan in ɗauko manjagara sai ga motar Malam ta taho. A hankali yake tafiya kamar kullum, yana zaune daram yana kallon gabansa. Tayoyin gefe guda suka hau shanyar, suka bi ta tun daga wannan bakin har wancan, ta daidai inda na tashi. Mata suka sa ihu, shi kuwa ya ɗaga musu hannu, a zatonsa gaishe shi suke yi. Da ƙura ta lafa wata ta ce Malam ya yi mana casa kyauta, aka bushe da dariya. Ni ma na yi dariyar, don in ban yi ba kuka zan yi. Da na koma gida na tarar da shi yana cin abinci hankali kwance, har yana tambayata me ya sami matan nan yau suke ta hayaniya.

Ban gaya masa ba. Na ce wa kaina tsautsayi ne.

Ba a daɗe ba aka yi na biyu. Ya dawo daga gona da yamma wandonsa jiƙe har gwiwa, ya ce ya taya yara buɗe ruwa ne. Washegari sai ga Jauro ya biyo ta wajen shanya. Jauro Bafulatani ne da ke zaune da shanunsa a wajen Bunkure, abokin Malam tun suna samari. In an yanke shinkafa shanunsa ke cin karan gonarmu, su bar mana taki. Ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya dogara sandarsa, muka gaisa, ya tambayi yara.

“Hajiya, jiya abokina ya kai motarsa shan ruwa,” in ji shi. “Sai da na ɗauro bijimai biyu muka jawo ta.”

Na ce, “A ina?”

“A 'yar gadar nan ta kan kanal ɗin ruwan noman rani, wadda ake tsallakawa a shiga gonarku. Tayar gaba ce ta zame.” Ya daina murmushi. “An sako ruwa jiya, kanal cike yake. Ya ce kada in faɗa, ni kuma ban ce masa to ba. Ki san yadda za ki yi, Hajiya. Ni ba ni da wani abokin.”

Ranar ban iya cin abinci ba. Tsoro biyu ne suka sa ni gaba, kuma duk a kan mutum ɗaya. Ina tsoron wata rana a yi sallama a ce an tsamo shi daga kanal, ko ya bi ta kan ɗan wani. Ina kuma tsoron a karɓe makullin nan daga hannunsa. Na ga maza irinsa da 'ya'ya suka ce musu su huta, suka zauna a dakalin ƙofar gida, kafin shekara ta zagayo sun zama abin tausayi. Malam mutum ne da bai taɓa roƙon kowa ya kai shi ko'ina ba. Ina son ransa, ina kuma son ya ci gaba da zama Malam ɗin da na sani, ban ga yadda zan sami duka biyun ba. Duk wanda ya kawo masa maganar yayanku ya riƙa tuƙa shi, amsarsa ɗaya ce. Sai ya dafa aljihu ya ce makulli ɗaya ne, ba a raba shi biyu. Shi ne na ce a raina, to bari a mai da shi biyu mu ga abin da zai ce.

Sai dai shirya wannan da yayanku wani aiki ne. A hannun kakarsa ya tashi, ni da shi gaisuwa ce kawai, ita ma kowa yana kallon wani wajen. Ban taɓa zama da shi mun yi shawara ba. Da ya shigo gaishe ni da safe ina gindin murhu, sai na fuskanci tukunya na yi magana da ita.

“Da ana samun mai hankali a gidan nan, da in Malam ya kwanta bayan azahar ya zo ya karɓi saƙo ya kai kasuwa a yanko irinsa.”

Shi ma ya kalli tukunyar. Can ya ce, “Inna, in ya gane fa?”

Na ce wa tukunya, “Wanda ya gane ai ni zai sama.”

Haka aka yi. Malam in zai kwanta yakan rataye rigarsa a ƙusa. Na zare makullin, na kwance shi daga igiyar, yayanku ya haye babur ya nufi kasuwar Kura wajen wani mai yankan makullin kwaɗo. Ni kuwa na zauna a ƙofar ɗaki ina firfita, duk juyin da Malam ya yi sai gabana ya faɗi. Kafin la'asar yayanku ya dawo da makulli biyu, na mayar da na asali na ɗaure yadda na same shi, a ganina. Sabon siriri ne, fari fat, ba shi da baƙin kan nan, kuɗinsa kuma bai fi na cefanen miya ba. Har na fara yi wa kaina kirari.

Muka jira ranar da Malam ya tafi jana'iza bayan gari da ƙafa. Na tsaya gadi a bakin zaure, yayanku ya nufi mota. Makulli ya buɗe ƙofa sumul. Ya shiga ya zura shi, ya murza, fitilu suka kama, rediyo ya kama. Injin ya yi ta ƙiƙi-ƙiƙi amma ya ƙi tashi. Ya sake, ya sake, wata 'yar jar fitila tana ta ƙiftawa a gaban sitiyari. Gumi ya karyo masa, ni kuma ina ta salati a zuci, a zatona mun lalata wa mutum mota. Ya kira wani bakanike abokinsa a waya, ina jin yadda wancan yake dariya. Ashe a cikin baƙin kan makullin akwai wani ɗan abu ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, da shi motar take gane makullinta. In ba ta ji shi a kusa ba, ko haƙoran sun yi daidai ba za ta tashi ba. Sabon makulli sai an saya mai irin wannan abin, a yanka shi, sannan a haɗa shi da kwamfutar motar, abin da suke kira furogiramin. A manyan wuraren sayar da motoci kuɗin da ake faɗa ya isa a sayi maraƙi. Amma bakaniken ya ce akwai wani Iliya a Kano, cikin masu kayan gyaran mota, da ke yi da sauƙi kuma aikinsa yana da kyau. Sharaɗin dai ɗaya ne, sai an je da motar da makullinta na asali. Wato ba yadda za a yi abin nan a bayan idon Malam.

Na karɓi farin makullin na jefa shi cikin kwalla a ƙasan jeren kwanukana. Na kwana biyu ina juya maganar. Wata safiya na kai masa koko da ƙosai, na zauna a gefen tabarma, abin da ba na yi.

Na ce, “Malam, makullin nan guda ɗaya, kullum kana bakin ruwa da shi. In ya faɗa kanal fa? An ce akwai mai yin na biyu a Kano, ba tsada.”

Ya kurɓi koko. “Shekara nawa ina bakin ruwa da shi bai faɗa ba?”

“Ai ba a sanin ranar.”

Ya ajiye ludayi, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, don a lokacin sai ya yi haka yake ganin mutum sosai. “Hajiya, ba makulli kike ji wa tsoron kanal ba.”

Na ce, “Kai nake ji wa.” Tunda na fara sai na ƙarasa. Na gaya masa Jauro ya zo. Na gaya masa ranar shanya, da inda nake tsugune kafin tayarsa ta bi ta wajen. Wannan bai sani ba. Na ga hannunsa ya tsaya a kan kwano.

“Ke ce a wajen?”

“Ni ce.”

Ya tashi ya bar kokon, ya fita. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Ba ya faɗa, ba ya hira, motar ma bai taɓa ta ba, babur yake hawa a kai shi gona. Na yi zaton na karya shi, na yi ta zargin bakina. Ran nan bayan ya dawo daga sallar asuba ya tsaya a ƙofar ɗakina.

“Ki shirya za mu Kano. A gaya wa yaron nan ya zo. Ki ɗauko wancan na cikin kwallar ma.”

Na ce, “Wane?”

“Wanda kuka yanko ina barci. Ni ba haka nake ƙulla igiyata ba, ke ƙullin bakin buhu kika yi.”

Kunya ta rufe ni, ga tsoro. Na ɗauka zai kai mu gaban mutane ne ya tona mana asiri, ni da ɗana. Na ƙulle makullin a bakin mayafi na fito. Shi ya tuƙa mu daga ƙofar gida, a hankali, ya bi ta gaban masallaci, ta gaban injinan shinkafa, yana ɗaga wa mutane hannu. Da muka iso bakin babban titin Kano, inda manyan motoci ke wucewa, sai ya gangara gefe ya tsaya. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya buɗe ƙofa ya ce da yayanku ya zo ya kama, yana so ya ga ko ya iya. Na koma baya na bar wa Malam gidan gaba. Tun daga nan har cikin gari bai bar yaron nan ya huta ba. Ka cika taka burki, ka matse wa mai babur, wa ya koya maka canza giya haka. Yayanku sai “To, Baba” yake cewa. Ni ina baya ina jin daɗin faɗan, don rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka an kwana biyu.

Shagon Iliya ɗan ƙarami ne, mutum uku ba sa juyawa a ciki. Makullai rataye ko'ina har saman ƙofa. Shi kansa magidanci ne mai fara'a, ya fito da benci ya ba ni, ya karɓi makullin Malam ya jujjuya.

“Baba, hanya biyu ce,” in ji shi. “Akwai ta sauƙi. In fasa kan wannan, in ciro ɗan abin da ke ciki, in manne shi a ƙarƙashin sitiyari. Shi ke nan mota kullum tana jin sa, duk makullin da aka yanka zai tada ta. Mutane da yawa haka suke yi. Illarsa dai ɓarawo ma ya huta. Ɗaya hanyar kuma in ba ku sabo mai nasa abin, in yi masa furogiramin. Ya ɗan fi kuɗi.”

Malam ya miƙo min hannu ba tare da ya dube ni ba. Na kwance bakin mayafi na ba shi farin makullin, ina jiran abin da zai biyo baya. Ya ajiye shi a kan tebur.

“In ka yi ta sauƙin, wannan ma zai tada ta?”

Iliya ya duba, ya yi murmushi. “Zai tada ta, Baba. Ka ga ma kun huta, ba sai an yanka wani ba.”

“To ba na so. Yi ɗayar.”

Bai ce ga wanda ya yanko shi ba, bai ce komai a kanmu ba. Aka shiga ciniki, Malam ya ja, Iliya ya ja, har da cewa ai Baba da ganinka manomin shinkafa ne, ku ne masu ƙasar yanzu. Malam ya ce manomin shinkafa bashin taki ne a kansa. Suka daidaita a kan abin da bai fi ƙarfinmu ba. Iliya ya ɗaure sabon makulli a inji kusa da tsohon, ya yi ta gurza har haƙoransu suka zama ɗaya. Ya ɗauko wata na'ura kamar babbar waya, ya durƙusa ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Ya sa tsohon ya murza, ya cire, ya sa sabon, ya yi ta danne-danne. Malam yana tsaye a kansa yana tambayar kowane abu, shi kuwa bai gaji da amsawa ba. Can 'yar jar fitilar ta mutu. Ya murza, mota ta tashi lafiya lau.

Iliya ya zuba makullan uku a tafin hannun Malam. Malam ya shafa su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ya kwance igiyar fatar daga na asalin, ya miƙa wa yayanku makullin. Sabon ya miƙo min, ya ce in kai shi kwalla tunda na saba. Sannan ya zura igiyar a farin, ya ƙulla irin ƙullinsa, ya sa a aljihun ciki.

Yayanku ya ce, “Baba, ai wannan ba ya tada mota. Ƙofa kawai yake buɗewa.”

“Na sani.”

“To ka riƙe naka mana, ni a ba ni sabon.”

“Na ce na sani. Kuma maganar nan ta tsaya a nan, mu uku. Ko ƙannenka ban yarda su ji ba.”

Ga dalilin da ya sa duk abin da kuka faɗa yayanku bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Ubansa ne ya ɗaure shi. Kuma ku sani a shekarar an neme shi aiki a wani kamfanin shinkafa a Kaduna, da gida da komai. Ya ce musu ba zai samu zuwa ba. Bai yi shawara da ni ba, ni ma ban tambaye shi ba, a bakin matarsa na ji. Ya zauna yana nomansa, yana jiran kiran Malam safe da yamma. Wanda ya san ya faɗi magana a kansa ya san abin da ya kamata ya yi, ba sai na koya masa ba.

Shekarun da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin zamanmu, ban taɓa zato ba. Kullum da safe Malam zai fita da tsumma, ya ciro makulli daga aljihu a gaban kowa, ya buɗe motarsa. Ya goge ta, ya duba mai da ruwa, ya zauna a gidan gaba ya kunna rediyo yana jin labarai har yayanku ya iso. A unguwa cewa ake Malam ya girma, ya yi direba. Matan unguwa ba su rasa mai kai su asibiti ba, shi ke ba da umarni, yaron ya ja. Jauro yakan ce masa yanzu ya zama cikakken Alhaji, saura tumbi. Su biyun, uba da ɗa, suka saba da juna a cikin motar nan fiye da duk zaman da suka yi a baya. Sukan dawo daga gona suna gardama a kan irin shuka, ina jin su tun daga zaure. Ni ma ta dalilin motar na fara iya cewa yaron nan sannu da hanya ina kallon fuskarsa.

Sau ɗaya na ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da damina ne, an kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Malam ya tashi da ƙarfinsa, ya ce yau idonsa ya washe, har ganyen darbejiyar maƙwabta yana gani ɗaya-ɗaya. Ga shi an aiko cewa Jauro ba shi da lafiya, yayanku kuma ya yi sammakon kai taki gona. Malam ya yi ta kai da komo a tsakar gida, ya leƙa waje ya dawo. Can ya sa hula ya fita. Na bi shi a hankali na tsaya a zaure inda ba zai gan ni ba. Ya buɗe motar, amma bai zagaya gidan gaba ba, wajen direba ya shiga. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bisimilla. Ya zura makullin ya murza.

Ƙiƙi-ƙiƙi. Ya saki, ya sake murzawa, ya daɗe yana riƙe da shi. Sabon makullin yana cikin kwalla, taku kaɗan daga inda nake tsaye, kuma ya san yana nan. Na raya a raina in ya ce in ɗauko, ban san abin da zan ce masa ba. Ya cire makullin ya zauna yana kallonsa a tafin hannu. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, na ɗauka kuka yake, na fito da sauri. Ashe dariya yake yi.

“Kin gani ko, Hajiya?” in ji shi. “Na san halin mutumin da na ɓoye wa makulli. Da mai tashin ne a aljihuna, da yanzu ina kan gadar kanal.”

Ya fito, ya zagaya yana dafa jikin motar, ya buɗe gidan gaba ya zauna.

“Aika a kira min yaron nan. Ki zubo fura a kwano, mu kai wa Jauro.”